Faifai Tara A Cikin Adaka: Sharhi Kan Juyar Da Tsofaffin Finafinan Gida

A watan Disamba na 2023 ƙungiyarmu ta raya al'adu ta shirya zaman kallo a farfajiyar wata makaranta a Damagaram. Abin da aka haska a jikin farin ƙyalle a daren nan shi ne faifai tara na ƙaramin fim da baffana, Allah ya jiƙan shi, ya ɗauka da hannunsa tsakanin 1973 da 1981, waɗanda suka shafe shekaru fiye da 40 a cikin wata adaka, ƙarƙashin tsofaffin rigunansa da takardun albashi. Wani ɗan'uwanmu ne ya kai su Yamai, wani matashi mai situdiyo ya juya su zuwa tsarin dijital, aka dawo mana da su a cikin ƴar kile wadda ba ta kai tsawon yatsa ba. Jama'a sun taru, an yi tafi, wasu dattawa sun share hawaye. Ni ma na yi tafi. Sai dai na koma gida da wani abu yana ci mini rai, kuma shi ne nake so in baje a gaban ƴan'uwa malamai da shugabannin ƙungiyoyi, domin na san akwai irin wannan adaka a Maraɗi da Tawa da Ƙonni da Tasawa, kuma ba da jimawa ba masu su za su bi hanyar da muka bi.

Gwaggona ce ta fara faɗin abin da ni na kasa faɗi. Ita ce ƙanwar marigayin, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, mun kuwa zaunar da ita a kujerar gaba don girmamawa. Da aka kunna fitilu na durƙusa kusa da ita na ce: “Gwaggo, kin ga gida?” Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce: “Mushe, gidan dai namu ne, na gane zauren, na gane bakin rijiyar. Mutanen ne ban gane ba. Inna ba ta taɓa tafiya da wannan garaje ba, ko da gobara ake yi a unguwa. Kuma wa ya ce maku ranar nan an yi kiɗa?” Ban sami amsar da zan ba ta ba. Washegari na nemi a kawo mini faifan na asali, na kuma roƙi mai situdiyon ya aiko mini da hotunan kamar yadda suka fito daga na'urarsa kafin ya taɓa su. Allah ya sa bai goge su ba. Da na ajiye biyun gefe da gefe, sai na gane cewa tsohuwar nan da ba ta taɓa shiga lakwal ba ta riga ni yin sharhin, aikina kawai in bi bayanta in kawo hujjoji.

Abin da ke cikin adakar

Kafin zuwan kaset da salula, duk mai son ɗaukar hoto mai motsi a gidansa da zaren fim yake yi. Kamfanin Pathé na Faransa ya fito da fim mai faɗin milimita 9,5 a 1922, Kodak na Amurka ya fito da mai milimita 16 a 1923 da mai milimita 8 a 1932, sannan a 1965 ya kawo wanda ake kira Super 8, mai zuwa a cikin ɗan akwatin roba da ake zurawa a kamara ba tare da wata wahala ba. Irin wannan na ƙarshe ne baffana ya sayo lokacin da aka tura shi horon aikin gona a Faransa a 1972. Kowane akwati yana ɗauke da zare mai tsawon mita 15, wato ƙananan hotuna kimanin 3600, kamara kuwa tana ɗaukar hoto 18 a kowane sakan. Idan mai karatu ya yi lissafi zai tarar faifai guda bai wuce minti 3 da sakan 20 ba. Faifai tara rabin awa ke nan, kusan faifai ɗaya a kowace shekara.

Ba a wanke irin wannan fim a garinmu. Sai an kai shi fosta an aika Faransa, a jira makonni, sannan ya dawo a naɗe. Akwai kuma wani abu da ya kamata kowane mai irin wannan ajiya ya sani: zaren da ya wuce ta cikin kamara shi ne wanda aka wanke aka dawo da shi, shi ne kuma wanda ake sa wa a majigi. Ba shi da uwa a wani wuri da za a koma a sake bugowa daga gare ta, kamar yadda ake yi da hoton kati. Idan ya lalace, magana ta ƙare. Yawancin waɗannan faifai ba su da sauti, don sai a 1973 aka fara sayar da Super 8 mai ɗaukar murya, kuma mai tsada ne. Gidaje kaɗan ne suka mallaki kamara a ƙasarmu a wancan zamani: wasu ma'aikatan gwamnati, wasu alhazan ƴan kasuwa, da Turawan da suka zo koyarwa ko aikin asibiti. Ƙarancinsu shi ya ƙara masu daraja.

Wanda ke da minti uku kacal a shekara ba ya wasa da su. Abin da ya fara burge ni a ɗaukar baffana ke nan. Akwai hawan Sallah a ƙofar fada, akwai sunan wani ƙanena, akwai kokowa bayan girbi, akwai mata suna daka a tsakar gida, akwai kakata tana fitowa daga ɗaki ta nufi rijiya, ta hango kamara, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska tana dariya. Mutanen da ke cikin hoton suna kallon mai ɗaukar kai tsaye, suna yi masa magana, yara suna leƙowa har hancinsu ya cika hoton, domin ɗan gida ne, ba a jin kunyarsa kuma ba a jin tsoronsa. Mun saba ganin kakanninmu a finafinan baƙi, inda aka zo neman bori ko farauta ko wani abin al'ajabi. A nan babu abin al'ajabi ko ɗaya, rayuwa ce ta kullum, irin wadda babu wanda yake tunanin za ta ƙare. Sai kuma faifan 1974, shekarar da fari ya koro makiyaya da manoma zuwa gefen gari. Ya ɗauke su daga nesa suna layin karɓar hatsi, bai fi sakan 40 ba, daga nan hoton ya karkace ya faɗi ƙasa, ba a ganin komai sai rairayi da takalmin mai ɗaukar, har zuwa ƙarshen zaren.

Juyi ma fassara ne

Sana'ata ita ce koyar da Faransanci da Hausa, kuma kullum ina fama da ɗalibai a kan fassara. Ɗalibin da ya fi ba ni wahala shi ne mai wayo, wanda yake ganin marubucin bai iya faɗi ba, bari shi ya gyara masa: ya ƙara karin magana inda babu, ya cire jimlar da ta yi masa nauyi, ya mayar da baƙin ciki raha don masu sauraro su ji daɗi. Juyar da fim daga zare zuwa fayil na kwamfuta fassara ce daga wani harshe zuwa wani, kuma sharaɗinta shi ne na kowace fassara, wato amana. Da wannan ma'auni nake so in auna aikin da aka yi mana.

Adalci ya wajabta in fara da yabo. Matashin nan bai bi hanyar da mutane da yawa ke bi ba, ta haska fim a bango da tsohon majigi sannan a ɗauki bangon da kamara ko salula. Wannan hanya tana kawo hoto mai ƙyaftawa, mai haske a tsakiya da duhu a gefe, kuma haƙoran majigi suna iya yaga zaren da ya tsufa ya ƙanƙance. Shi ƙaramar sikana ya yi amfani da ita, mai ɗaukar hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya kuma dawo mana da faifanmu tara ba tare da ko ɗaya ya tsinke ba. Ba don shi ba, da har yau gwaggo ba ta sake ganin mahaifiyarta ba. Kurakuran duk sun zo ne bayan wannan mataki, a wurin da ake kira gyara.

Na farko shi ne gudu. Telebijin ɗin ƙasashenmu da manhajojin haɗa bidiyo sun saba da hoto 25 a sakan. Idan aka zuba fim ɗin da aka ɗauka a kan 18 cikin wannan ma'auni ba tare da an daidaita ba, kowane motsi yana ƙara sauri da kusan kashi 39 cikin 100. Faifan minti 3 da sakan 20 ya koma minti 2 da sakan 24, rabin awarmu ta koma minti 21 da sakan 36 tun kafin a yanke komai. Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne. A wurinmu tafiya hali ce. Dattijuwa tana da takunta, basarake a kan doki yana da nasa, mai daka tana da lugudenta. Da aka ƙara sauri sai dattawa suka koma kamar ƴan wasan barkwanci, yaran da ke wurin kallo suka yi ta dariya a inda babu abin dariya. Maganin wannan ba ya cin ko dala: a gaya wa manhajar cewa fim ɗin na hoto 18 ne.

Na biyu shi ne yanka. Hoton Super 8 yana da faɗi 4 a kan tsawo 3, kamar tsohon telebijin, allunan yau kuwa 16 ne a kan 9. Don kada a bar baƙi a gefe biyu, sai aka faɗaɗa hoton ya cika allo, abin da ke nufin an zubar da rubu'in tsayinsa, rabi daga sama rabi daga ƙasa. A hawan Sallah rawunan mahaya sun tafi, kofatan dawaki sun tafi. A tsakar gida zankayen da ke kan zaure sun ɓace, alhali zauren nan an rushe shi tuni an yi na siminti, kuma babu wani hotonsa a duniya. Wani ƙanenmu ma ya sake yanka wani yanki ya miƙar da shi tsaye don ya dace da salula, a nan fiye da rabin faɗin hoton ne ya salwanta. Wajen neman gira an rasa ido.

Na uku shi ne shafe-shafe. An bi hotunan da wata manhajar ƙirƙirarriyar basira mai goge ƙura da ƙarce da ƙara kaifin fuska. Irin waɗannan manhajoji ba sa tono abin da ke ɓoye a cikin zare, cike gurbi suke yi da abin da suka koya daga wasu fuskoki na wasu mutane. Tsagar gado da ke kumatun kakata, wadda ake gani sarai a hoton asali, manhajar ta ɗauke ta tamkar ƙarce ta dusashe ta, ta ba tsohuwa fata mai sulɓi irin ta ƴan tallar man shafawa. An kuma ƙara wa launuka ƙarfi har shuɗin rini ya koma wani abu mai ƙyalli, alhali fim ɗin Kodachrome ne, wanda aka san shi da riƙe launi idan yana ajiye a duhu. Mafi muni, an cire duk wuraren da aka ga kamar sun ɓaci, har da sakan ɗin ƙarshe na faifan 1974, inda hoto ya faɗi a kan rairayi.

Na huɗu shi ne kiɗa, wanda ya fi ɓata wa gwaggo rai. An shimfiɗa waƙoƙin biki na zamani, masu kiɗan fiyano, tun daga farko har ƙarshe, har a kan layin masu karɓar hatsi. Wannan kuskure yana da tarihi a ƙasarmu. Jean Rouch ya bi kogin Isa da kwalekwale a 1946 da 1947 tare da abokansa biyu, yana ɗauke da kamara mai milimita 16. Kamfanin labarai na Paris da ya sayi hotunan ya sauya masu jeri, ya ɗora kiɗa da sharhi mai zuzutawa, ya fitar da su da sunan Au pays des mages noirs, kuma Rouch ya daɗe yana nuna rashin jin daɗinsa da wannan aiki. Amma shi ma ya faɗa ramin. A 1954 ya koma Ayoru ya nuna wa masunta Sorko fim ɗinsa na farautar dorina, Bataille sur le grand fleuve, wanda ya sa wa kiɗa a wurin farautar. Masuntan suka ƙi yarda, suka nuna masa cewa a cikin shiru ake farautar dorina, kiɗa ƙarfin hali zai ƙara mata. Rouch ya cire kiɗan. Shekaru kusan 70 bayan haka, a farfajiyar makaranta a Damagaram, wata tsohuwa ta yi mana irin gyaran da masuntan Ayoru suka yi wa Bature, wannan karon kuwa mu ne muka yi wa kanmu.

Laifin wa?

Na kira matashin a waya na karanta masa waɗannan abubuwa. Ya saurara da ladabi, sannan ya ce: “Mushe, ai ku kuka ce a gyara ya yi kyau. In na kawo maku shi shiru, da baƙi a gefe, da ƙura a jiki, cewa za ku yi ban yi aiki ba.” Gaskiya ya faɗa. Ya ƙara da cewa yaran yau ba za su zauna rabin awa suna kallon hoton da ba ya magana ba, kuma fim ɗin da ba a kallo da shi da wanda ke cikin adaka duk ɗaya ne. Wannan hujja ce mai nauyi, bai kamata malami ya yi watsi da ita ba, domin mu ma a aji mukan sauƙaƙa nassi don ɗalibi ya shiga. Sai dai idan na sauƙaƙa wa ɗalibi labari, littafin yana nan a kan kanta, kuma ina gaya masa cewa wannan sauƙaƙawa ce. Abin da na ce masa shi ne: “Ƙanena, yi guda biyu. Ɗaya na amana, yadda ya fito, da saurinsa na asali, da faɗinsa duka, da ƙurarsa, da shirunsa. Ɗaya na biki, ka sa masa abin da masu shi ke so, ka rubuta a farkonsa cewa an ƙara kiɗa an kuma taƙaita.” Haɗarin yana wurin da na biki ya zama shi kaɗai ne ya rage, jikoki su tashi suna zaton haka kakanninsu suke.

Hakan kuwa yana da sauƙin faruwa, saboda wani kuskure na biyar da ya kusa aukuwa a gidanmu. Da kile ta iso, wani ya ce tunda an juye, a ba yara faifan su yi wasa. Mutane suna ɗauka cewa dijital ba ya mutuwa. Kile tana ɓata, katin salula yana ƙonewa, faifan DVD da aka buga a situdiyo yana daina karantuwa, kuma duk bidiyon da ya bi ta WhatsApp an matse shi ya rage kyau. Zaren baffana ya yi shekaru fiye da 40 a cikin zafin Damagaram, har yau idan ka ɗaga shi a rana kana ganin hoto da idonka ba tare da wata na'ura ba. Sikanar da za a samu nan gaba za ta fi ta yau, amma sai idan akwai abin da za a sa mata. Misali yana kusa da mu. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya da Hausa a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata. A 2016 aka gano faifansa a wata tsohuwar ma'ajiya, cibiyar Arsenal ta Balin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Da wani ya share ɗakin nan ya zubar da gwangwanayen, da babu abin da za a gyara.

Wannan ba ya nufin zare yana dawwama. Da na buɗe adakar, biyu daga cikin faifan suna fitar da wani warin tsami irin na binegar. Jikin irin wannan fim an yi shi da wani sinadari da ake kira asetat, wanda zafi da laima ke sa shi ya fara sakin asid, asid ɗin kuma ya ƙara hanzarta ruɓewar, har zaren ya ƙanƙance, ya lanƙwashe, ya yi ƙarau. Idan cutar ta fara ba ta komawa baya, sai dai a rage mata gudu. Ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40, damina ta biyo da laima, hunturu ya zo da ƙura, ba ta da sauƙi ga irin wannan ajiya. Don haka juyarwa wajibi ce, kuma da gaggawa. Haka ma kaset ɗin VHS na bukukuwan shekarun 1990, waɗanda suka fi faifan fim yawa nesa ba kusa ba a gidajenmu: kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallonsu, ya daina a 2016, waɗanda suka rage a hannun masu gyara kuwa kullum raguwa suke yi.

Wa zai yi mana?

Ƙasarmu tana da suna a tarihin sinimar Afirka. Mustafa Alasan, wanda ya zauna a Tawa shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015, yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a nahiyar. Umaru Ganda ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame. Irin waɗannan ayyuka suna da masu nemansu a duniya, kuma tun 2017 akwai wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin gidauniyar Martin Scorsese da ƙungiyar masu shirya finafinai ta Afirka, FEPACI, da UNESCO da ma'ajiyar finafinai ta Bolonya, wanda ya ƙudurta gyara finafinan Afirka 50. Abin farin ciki ne. Amma babu wata gidauniya da za ta zo neman minti uku na mata masu daka a wani gida na Birni. Idan iyalai da malamai da ƙungiyoyi ba su yi ba, babu mai yi.

Abin da nake ba da shawara ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. A fitar da faifai daga ɗakin kwano da leda, a sa su a wuri mafi sanyi da bushewa a gidan, a ware masu wari daga masu lafiya. Kada a sa tsohon zare a majigi don a gani ko yana aiki. Idan za a kai juyi, a yi sharaɗi tun farko: ɗauka hoto bayan hoto, sauri na asali, faɗi cikakke, ba kiɗa, ba shafe-shafe, ba yanke ko sakan ɗaya, kuma a dawo da faifan. A ajiye fayil ɗin amana a wuri uku, ɗaya daga ciki a wani gida dabam, a riƙa duba su ana sabunta ma'ajinsu bayan ƴan shekaru. Sannan a yi shawara da masu gida kafin a fitar da komai waje. Matan da suka saki jiki a gaban kamarar baffana sun yi haka ne don ɗan'uwansu ne, ba su san wata rana za a iya yawo da su a salular kowa ba. Akwai abin da ya dace da zauren ƙungiya, akwai wanda tsakar gida ce iyakarsa, kuma masu rai daga cikinsu su ne da hakkin faɗi.

Ga ƴan'uwa malamai kuwa akwai aikin da ya fi dacewa da mu. Fim marar sauti yana jiran mai magana, kuma masu iya maganar suna ƙarewa da sauri fiye da zaren kansa. Ɗaliban kwalej da lise za su iya zama da dattawa a gaban allo, su ɗauki muryarsu a fayil dabam, su rubuta sunayen mutane da wurare da shekaru, su fassara tsakanin Hausa da Faransanci. Darasin tarihi ne da na harshe a lokaci guda. UNESCO ta keɓe ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara don tunawa da gadon sauti da hoto, ƙungiyoyinmu za su iya mayar da ita ranar da kowa zai fito da abin da ke cikin adakarsa a duba lafiyarsa.

Mun gwada wannan a gida. Bayan matashin ya sake aiko mana da fayil ɗin amana, na kai wa gwaggo a ɗakinta, daga ni sai ita sai wata ɗalibata mai riƙe da salula tana ɗaukar murya. Rabin awar ta ɗauke mu yini biyu, don kowane hoto sai ta ce a tsaya. Ta kira sunayen mutane fiye da 30, har da wanda ya gina zauren da wadda ta yi wa kakata kitso. Da Inna ta fito ta nufi rijiya da takunta na gaskiya, gwaggo ba ta ce komai ba, ta dai ɗaga hannu kamar mai gaisuwa. Da muka zo ƙarshen faifan 1974 na ce mata ga inda kamara ta kuɓuce wa baffa. Ta ce: “Ba kuɓucewa ta yi ba, ɗana. Wani mai shanu ya hango a cikin layin, mutumin da yakan sauke shi idan ya je rangadi, har ya taɓa yanka masa rago. Ya dawo gida ranar nan bai ci abinci ba.” Ɗalibar ta rubuta wannan a ƙarƙashin lambar faifan, da Hausa da Faransanci, muka sa takardar a cikin adakar tare da faifan tara.